Gwajin Maƙoƙo a Lab ɗin Kuɗi: Kafin Ka Miƙa Hannu, Tambayi Inda Jininka Zai Kwana

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook a 'yan kwanakin nan, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: kina fama da kasala? Gashinki na zuba? Kin yi ƙiba babu dalili, ko kin rame babu dalili? To wai tayirod ce. Daga nan sai a liƙa lambar waya, ko dai ta mai sayar da wani haɗin magani, ko ta ɗakin gwajin da zai ɗibi jininki ya turo sakamako ta WhatsApp.

Ni ban ga laifin mutum ya nemi sanin halin da jikinsa ke ciki ba, musamman a yanki irin namu na Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, inda ake iya shekara da ciwo ba a san sunansa ba. Amma akwai abin da masu tallan ba sa faɗa maka. Ingancin sakamakon gwaji ba a cikin inji kaɗai yake ba. Yana farawa ne tun daga lokacin da aka ɗaure maka hannu, ya bi ta 'yar kwalbar da aka zuba jinin, ya bi ta motar da ta ɗauke shi zuwa Kano. A wannan tsakanin ne kuɗin mutane da lafiyarsu ke salwanta.

Mece ce tayirod ɗin ma tukuna?

Wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Idan ta kumbura, ita ce muke kira maƙoƙo. Aikinta shi ne samar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, al'adar mata, har da yanayin tunani. Da sinadarin aidin take haɗa su, shi kuma daga abinci muke samunsa.

Idan ta yi sanyi, sai ka ga kasala, yawan jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida, ƙarin nauyi da rikicewar al'ada. Idan ta zarce ƙima, sai faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi, rama duk da ana cin abinci, rashin barci, wani lokaci har idanu su firfito. Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta ce mata sun ninka maza sau biyar zuwa takwas wajen kamuwa da waɗannan matsaloli. Ka ga kuwa a garuruwanmu, yarinyar da gabanta ke faɗuwa, hannunta na rawa, ba ta barci, ba asibiti ake fara kai ta ba. Wadda wuyanta ya kumbura kuma sai ta ƙara jan hijabi ta yi shiru, don kada maganar ta kai gidan surukai.

Babban gwajin da ake fara yi shi ne na TSH. Wannan sinadari ba daga wuya yake fitowa ba, daga wata halitta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ke umartar tayirod ta yi aiki. Ɗauke shi kamar uwa mai kiran yaro ya tashi aike. Idan yaron na nawa, sai ta ɗaga murya. Idan ya cika rawar kai, sai ta yi shiru. Don haka TSH mai yawa yana nuna tayirod ta yi sanyi, TSH kaɗan kuma yana nuna ta zarce. A nan mutane da yawa ke karanta takardarsu a baibai. A yawancin ɗakunan gwaji, ma'aunin baligi yana tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka, amma kowane inji da nasa iyaka, kuma ta mai juna biyu daban take.

Me ya sa kowa ya koma lab ɗin kuɗi?

Dalili na farko nisa ne. Gwajin tayirod ba irin na maleriya ba ne da ake yi da ɗan tsinke a kemis. Yana buƙatar inji na musamman, da sinadaran gwaji da ake shigowa da su daga waje, da wutar da za ta riƙe firij. Mutumin Karkarna ko Gwiwa da aka ce ya ga ƙwararren likita, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fi masa kusa a kan Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Daga Kazaure zuwa Kano ma kusan kilomita 80 ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Na biyu, layi da yajin aiki. Masana kimiyyar gwaje-gwaje na cikin ma'aikatan da ke ƙarƙashin gamayyar JOHESU, kuma duk lokacin da ta tsunduma yajin aiki, kamar yadda aka gani a 2018 da 2023, ɗakunan gwajin asibitocin tarayya ne ke fara jin jiki. Na uku, ko a asibitin gwamnati ma biya za ka yi. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. To mutum sai ya ce, tunda dai biya zan yi, gara in biya inda ba layi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan giɓin ne 'yan kasuwa suka cike, wasu da gaskiya, wasu kuma da ha'inci. A Legas akwai kamfanoni irin su Healthtracka, wanda aka kafa a 2021, da ke tura ma'aikaci har gida ya ɗibi jini. A Ingila kamfanoni irin su Medichecks da Thriva kan aiko maka da kayan tsira yatsa, ka ɗiga jinin da kanka ka mayar ta gidan waya. Mu kuma namu salon shi ne ƙaramin lab a bakin titi ya karɓi jini, ya aika wa babban lab a Kano, ya ɗora ribarsa a kai. Wannan tsari ba laifi ba ne, a ko'ina cikin duniya ana yin sa. Tambayar ita ce: yaya ake yin sa?

Daga hannunka zuwa inji

Masu bincike a fannin gwaje-gwaje sun daɗe da gano cewa fiye da rabin kurakuran da ake samu a lab suna faruwa ne kafin jinin ya shiga inji. Wato wajen ɗiba, rubuta suna, adanawa da jigila. Ga yadda ya kamata abin ya kasance, don ka san abin da za ka zuba wa ido.

Daga jijiyar hannu ake ɗibar jinin, da sabuwar allurar da aka buɗe a gabanka. Robar da ake ɗaure dantse da ita bai kamata ta wuce minti ɗaya ba. Kwalbar da aka fi amfani da ita don wannan gwaji ita ce mai jan murfi ko mai ruwan ɗorawa. Sannan a rubuta sunanka, da kwanan wata, da lokacin ɗiba a jikin kwalbar, kana zaune kana kallo. Wannan ƙaramin abu ne, amma ka tuna yawan Aisha Muhammad da Musa Ibrahim da ke wannan yanki. Idan aka jera kwalabe biyar babu suna, aka ce za a rubuta daga baya, wallahi kana iya tafiya gida da sakamakon wani.

Bayan ɗiba, ana barin jinin kamar rabin awa ya daskare, sai a saka shi a injin da ke wulwula shi har ruwan jinin ya rabu da ƙwayoyinsa. An fi so a yi wannan cikin awa biyu. Wannan ruwan, mai launin fatsi-fatsi, shi ake gwadawa. Idan ba ranar za a gwada ba, sai ya shiga firij mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Idan zai daɗe, sai a daskarar da shi.

Gaskiyar magana, sinadaran tayirod suna da ɗan juriya, ba sa saurin lalacewa kamar sukarin jini. Amma juriya ba ta nufin a wulaƙanta su. Jinin da ba a raba ba, aka ɗaure a leda, aka miƙa wa direba a tasha ya ajiye a gaban mota, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, yana iya isa Kano ƙwayoyinsa sun farfashe. Lab mai mutunci idan ya ga haka zai ƙi karɓa, ya ce a sake ɗiba. Lab maras mutunci zai gwada haka nan ya buga takarda. Akwai ma wanda ya fi wannan muni: wanda ba zai aika jinin ko'ina ba, zai zauna ne kawai ya rubuta lambobi masu kama da na mai lafiya. Kai kuma ba ka da hanyar ganewa, tunda takarda ce mai tambari aka ba ka.

Batun tsira yatsa

Masu talla suna son wannan hanya saboda ba ta da ban tsoro. Ana iya auna TSH da jinin yatsa, kuma a ƙasashe da dama da ɗigon jinin diddige ake tantance jarirai sabbin haihuwa, tunda kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haifarsa da tayirod mai rauni. Amma hanyar tana da nata sharuɗɗa. Idan aka matse yatsa da ƙarfi don jini ya fito, ƙwayoyin jini na fashewa, ruwan tsoka kuma ya gauraya da shi. Sau da yawa ma jinin ba ya isa. Shi ya sa idan sakamakon yatsa ya nuna matsala, likita zai ce a tabbatar da jinin jijiya kafin a fara magani.

Duk wanda ya ce maka da ɗigo ɗaya zai duba maka jikinka kakaf, ka tuna da Theranos. Kamfani ne a Amurka da ya yi alƙawarin ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗan jinin yatsa, manyan attajirai suka zuba masa kuɗi. A Janairun 2022 kotu ta samu shugabarsa, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu zuba jari, daga baya aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11. Idan an yi wa masu biliyoyin daloli haka, ina ga ni da kai da muka ga talla a sitatus?

Abin da ke jikinka ma yana canza sakamako

'Yan'uwana mata, wannan naku ne musamman. Ƙwayoyin gyaran gashi, fata da farce da ake tallatawa a Instagram da TikTok, da yawansu suna ɗauke da sinadarin bayotin. Abin da jikin baligi ke buƙata a rana bai wuce maikrogiram 30 ba, amma ƙwaya ɗaya tana iya ɗaukar 5,000 ko 10,000. Injinan gwaji da dama da bayotin suke aiki wajen kamo sinadarin da ake nema, don haka idan ya yi yawa a jini sai ya ruɗa su. TSH ya fito ƙasa, T4 da T3 su fito sama, takarda ta nuna tayirod ta zarce alhali lafiyarki ƙalau. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan haka a Nuwamban 2017. Shawarar ƙwararru ita ce a dakatar da shan bayotin aƙalla kwana biyu kafin gwaji. Yanzu ki tambayi kanki: a lab nawa ake tambayar mace ko tana shan ƙwayar gyaran gashi kafin a ɗibi jininta?

Lokaci ma yana da tasiri. TSH yana hawa da dare, ya sauka da rana, don haka idan za ka maimaita gwaji, yi ƙoƙari ka yi shi a lokaci iri ɗaya, an fi so da safe. Ba dole ba ne sai ka ƙi cin abinci, sai dai idan an haɗa da wani gwajin da ke buƙatar haka. Idan kana kwance da zazzaɓi mai zafi ko ka tashi daga jinya, lambobin na iya karkacewa na ɗan lokaci, gara ka bari ka warware. Mai shan maganin levothyroxine, likitoci da yawa kan ce ya bari sai an ɗibi jini sannan ya sha na ranar, kuma bayan an canza masa adadin magani sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a sake aunawa. Mai juna biyu kuma lallai ta faɗa, domin a watanni ukun farko TSH kan sauka da kansa.

Takarda ba likita ba ce

A nan ne haɗarin ya fi girma. Sakamako ya shigo waya, sai a ɗauki hotonsa a tura guruf, kowa ya zama likita. Wani ya ce a sayi kaza a kemis, wata ta ce ga mai maganin gargajiya a Facebook. Amma maganin tayirod ba farasitamol ba ne. Levothyroxine idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, yana kuma raunana ƙashi, kuma masu shan sa don rage ƙiba da ransu suke wasa. Carbimazole, wanda ake bai wa masu tayirod da ta zarce, yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, kuma yana da haɗari ga ɗan tayi a farkon ciki.

Sannan TSH da ya ɗan haura kaɗan sau da yawa yana komawa daidai da kansa, shi ya sa likitoci kan ce a maimaita bayan wata biyu ko uku kafin a yanke hukunci. A ɗaya ɓangaren, mutum na iya samun maƙoƙo ko ƙulli a wuya, jininsa kuma ya fito lafiya lau. Gwajin jini ba ya kore cutar daji. Kumburin wuya yana buƙatar likita ya taɓa, a yi hoton sikanin, wani lokaci a tsotso ɗan abin da ke ciki da siririyar allura a duba. Wanda kuma ba ya jin komai, a sani cewa ko a Amurka, kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2015 babu isasshiyar hujjar da ke nuna amfanin yi wa kowa da kowa wannan gwaji. Kasala kaɗai tana iya zama ƙarancin jini, maleriya, rashin barci saboda danna waya, ko damuwa.

Gishirin da ke kicin ɗinmu

Kafin a kai ga lab, akwai abin da ya fi arha. Najeriya ta wajabta saka aidin a gishiri a 1993, lokacin da kusan kashi 20 cikin 100 na yaran da aka duba ke da maƙoƙo. Zuwa 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka amince ta cimma burin wadata gidaje da gishiri mai aidin. Nasara ce babba, amma ba a gama aikin ba. Gishirin da aka juye daga buhu aka baza a faranti a kasuwa, rana na dukansa, danshi na shigarsa, yana rasa wani ɓangare na aidin ɗinsa. Kantun gishirin da ke zuwa daga Bilma kuma ba a saka masa aidin ba tun asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, kuma ƙarancinsa na cikin manyan abubuwan da ke tauye ƙwaƙwalwar yara alhali ana iya kauce musu.

Akwai kuma batun gero. Binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna gero na ɗauke da sinadaran da ke rage wa tayirod ƙarfi, musamman inda aidin ya yi ƙaranci. Ba ana nufin ka bar fura da kunu ba ne, haba. Ana nufin mu da gero ne abincinmu, mu ne ya fi kamata mu tabbatar gishirin gidanmu na leda ne mai rajistar NAFDAC, a rufe, nesa da murhu.

Wa zai sa ido?

Doka tana nan. Hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke da alhakin yi wa masana gwaje-gwaje rajista da duba ɗakunan gwaji a faɗin ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Ke nan wanda ya ɗauki hoton sakamakonki ya nuna wa abokansa ba rashin kirki kaɗai ya yi ba. Matsalar ita ce doka a takarda ba ta bin kwalbar jini zuwa tasha.

Ina ganin abin da ya dace Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta yi ba mai wahala ba ne. A riƙa wallafa sunayen ɗakunan gwajin da ke da rajista a kowace ƙaramar hukuma, yadda kowa zai duba a wayarsa. A tsara jigilar samfurin jini daga asibitocin Kazaure da Babura zuwa manyan cibiyoyi a ranaku sanannu, cikin kula mai ƙanƙara, da takardar da ke nuna wanda ya miƙa da wanda ya karɓa. An daɗe ana yin irin wannan jigila da majinar masu tarin fuka a ƙasar nan, don haka ba sabon ilimi ba ne. Hukumar JICHMA kuma ta fito fili ta bayyana wa masu rajista da ita waɗanne gwaje-gwaje ne inshorarsu ta ɗauke.

Kafin a yi wannan, nauyin yana kanka. Ka fara ganin likita ko jami'in lafiya kafin lab, shi zai gaya maka ko kana buƙatar gwajin ma, da kuma wanne. Sau da yawa TSH kaɗai ya isa a matakin farko, ba sai ka biya kuɗin jerin gwaje-gwajen da aka haɗa maka a talla ba. Idan ka je lab, yi tambaya ba tare da jin nauyi ba: A nan za a gwada, ko aikawa za a yi? Ina za a aika? Za a raba ruwan jinin kafin tafiya? A cikin me zai tafi? Zan samu ainihin takardar lab ɗin da ya yi gwajin, mai suna da sa hannun wanda ya yi? Ina shaidar rajistarku? Wanda ke aikinsa tsakani da Allah ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya harzuƙa kuwa, ya riga ya ba ka amsa.

Araha ba ta ado, tsada ma ba ita ce shaidar inganci ba. Kuɗin da mahaifinka ya sayar da buhun gero ko akuya ya haɗa bai cancanci ya ƙare a kan takardar da ba a san yadda aka samo lambobinta ba. Idan akwai wata a gidanku da ke ɓoye wuyanta, ko wadda aka daɗe ana cewa tsoro ne kawai ke damunta, ku raka ta asibiti a wannan makon. Idan an zo ɗibar jini, ku tsaya a rubuta sunanta a kan kwalbar kuna gani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma kare mu daga masu cin kasuwa da ciwon mutane.